Abin da ke Ƙarƙashin Fenti: Tarihin Gyaran Jikin Tsofaffin Motoci

A ranar 18 ga Agusta, 2024, alƙalan gasar tsofaffin motoci ta Pebble Beach, wadda ake yi a gabar teku a jihar Kalifoniya ta Amurka, suka yanke hukuncin da ba a taɓa ganin irinsa ba tun da aka fara gasar a 1950. Motoci fiye da 200 ne aka jera a filin, mafi yawansu suna walƙiya har mutum ya ga fuskarsa a jikinsu. Amma babbar kyautar sai ta tafi ga wata baƙar Bugatti Type 59 ƙirar 1934, wadda fentinta ya dusashe, ya tsattsage, duwatsun hanya suka fiffige shi a wurare da dama. Wannan ne karo na farko da motar da ba a sabunta jikinta ba ta lashe gasar.

Hukuncin ya zo ne a kan wata tsohuwar muhawara tsakanin masu tara motocin tarihi da masu gyaransu: idan tsohuwar mota ta zo hannun gwani, me ya kamata ya kankare, me ya kamata ya bari? Wanda bai san sana'ar ba yakan ɗauka fenti shi ne aikin. A wurin masu sana'ar kuwa, feshin kala aikin 'yan kwanaki ne, alhali kankara da walda da bugu da gurza sukan ci watanni, wani lokaci shekaru. A wannan ɓoyayyen aikin ne ake yanke shawarar ko motar za ta ci gaba da zama shaidar zamaninta, ko kuwa za ta koma sabon kaya mai ɗauke da tsohon suna. Kafin a fahimci wannan, sai an san yadda aka riƙa ƙera jikin mota da fentinsa, zamani bayan zamani.

Gadon keken doki

Motocin farko kekunan doki ne da aka cire wa doki. Kamfanin mota yakan ƙera inji da firam ɗin ƙasa da tayoyi, sa'an nan mai saye ya kai wa maƙeran keken doki su ɗora masa jiki yadda yake so. Kamfanoni irin su Hooper da Barker a Landan sun daɗe suna yi wa sarakuna da attajirai kekuna kafin su koma ɗora jiki a kan Rolls-Royce da Daimler. Kafinta ne ke fara aikin: ya haɗa ƙashin jikin da katako mai ƙarfi da sauƙin lanƙwasawa, galibi na itacen ash, sa'an nan a lulluɓe shi da allunan katako, daga baya kuma da fallayen alminiyam ko na ƙarfe da aka buga da hannu. Kamfanin Morgan da ke Malvern a Ingila har yau yana sa wannan katakon a jikin motocinsa.

Fentin ma na keken doki ne. Da buroshi ake shafa shi, kuma haɗinsa man tsirrai ne da ƙaron itace da garin launi, wanda a lokuta da yawa akwai dalma a cikinsa. Irin wannan fenti ba ya bushewa sai ya sha iska a hankali. Akan shafa hawa ɗaya a jira kwana ɗaya ko biyu, a goge shi da garin dutsen aman wuta da ruwa, a sake shafa wani, har a kai hawa ashirin ko fiye a motocin alfarma. A ƙarshe a bi shi da man sheƙi a cikin ɗakin da aka rufe ruf, domin ƙura ko ƙuda ɗaya na iya ɓata aikin mako guda. Mota ɗaya takan yi makonni uku zuwa huɗu a sashen fenti, ta alfarma ta wuce haka. Duk da wannan wahala, bayan shekara ɗaya ko biyu a rana da ruwan sama sheƙin yakan mutu ya tsattsage, a sake komawa wurin mai fenti.

Wannan yana da muhimmanci ga mai gyara a yau. Motar 1910 da aka fesa mata fentin zamani mai kama da gilashi ta sami fuskar da ba ta taɓa samu ba a rayuwarta. Sheƙin buroshi mai zurfi ne, mai laushi a ido, kuma idan aka duba da kyau akan ga sawun hannun wanda ya yi shi.

Baƙin Ford da shuɗin Oakland

Lokacin da Henry Ford ya kafa layin haɗa motoci mai tafiya a masana'antarsa ta Highland Park a 1913, sashen fenti ya zama ƙarfen ƙafa. Ana haɗa mota cikin 'yan sa'o'i, amma fenti yana neman makonni. Model T, wadda ta fito a 1908, da farko ana samunta ja da kore da shuɗi da ruwan toka. Daga 1914 zuwa 1925 kuwa baƙa kaɗai ake yi. Baƙin fentin yana da arha, yana da ƙarko, kuma akwai nau'insa mai haɗin kwalta da ake tsoma sassan ƙarfe a ciki, kamar murfin inji da marufan taya, sa'an nan a gasa su a tanderu. Gangar jikin, da yake akwai katako a cikinta, ba ta jure wannan zafin, don haka kwarara mata fenti ake yi daga sama a bar shi ya tsane. Saboda haka Model T guda ɗaya tana ɗauke da baƙin fenti iri-iri, kowane sashe da nasa, kuma ba daidai suke sheƙi ba.

Maganin matsalar daga masana'antar albarushi ya fito. Kamfanin DuPont ya gama Yaƙin Duniya na Farko da ɗimbin ƙwarewa da kayan aiki na sarrafa naitiroselulos, wato audugar da aka jiƙa da sinadarin asid, wadda ake yin albarushi da fim ɗin silima da ita. Kamfanin yana kuma da babban hannun jari a General Motors, har Pierre du Pont ya shugabanci kamfanin motar daga 1920 zuwa 1923. Masana na kamfanonin biyu, ciki har da Charles Kettering, suka fito da fentin Duco, wanda ke bushewa da zarar tinan da ke cikinsa ya bi iska. Aikin makonni ya koma na sa'o'i. Motar Oakland ƙirar 1924 ce ta fara fitowa da shi, cikin wani shuɗi da ya ja hankalin masu saye. Kasuwa ta nuna tana son kala, kuma a 1926 Ford da kansa ya dawo da launuka a Model T.

Duco yana saurin bushewa har buroshi ba ya iya bi da shi, sai dai feshi. Bindigar feshin kuwa asalinta daga ɗakin likita take: Dokta Allen DeVilbiss na garin Toledo ya ƙirƙiri na'urar fesa magani a maƙogwaro a 1888, ɗansa Thomas kuma ya mayar da ita ta fesa fenti a 1907. A 1921 kamfanin 3M ya fito da samfefar da ake gurza da ita da ruwa, abin da ya rage ƙurar dalma da ma'aikata ke shaƙa, ya kuma ba da santsin da ba a samu a da. Bayan haka wani matashin ma'aikacin kamfanin, Richard Drew, ya kai samfurin samfefar wani garejin fenti a St. Paul, ya tarar da masu fenti suna fama da motoci masu kala biyu: takardar da suke liƙawa da gam don raba kalolin takan tashi da sabon fentin. Daga nan ya ƙirƙiro salatif ɗin takarda mai sauƙin ɓarewa a 1925. Cikin 'yan shekaru kaɗan, kayan aikin da ake gani yau a kowane garejin fenti, daga Detroit har Panteka a Kaduna, sun haɗu wuri ɗaya.

Guduma da dalma

A daidai lokacin da fenti ke sauyawa, abin da ake shafa shi a kai ma yana sauyawa. Edward Budd ya kafa kamfaninsa a Philadelphia a 1912 da nufin matse jikin mota gaba ɗaya daga fallayen ƙarfe, ba katako ko kaɗan. 'Yan'uwan nan biyu masu kamfanin Dodge suka ba shi babban kwantiragi a 1914. André Citroën ya kai fasahar Faransa a 1924, William Morris kuma ya haɗa hannu da Budd aka kafa kamfanin Pressed Steel a Cowley kusa da Oxford a 1926. Jikin ƙarfe zalla yana jure tanderu, don haka fentin da ake gasawa ya yaɗu a shekarun 1930. Sannu a hankali aka kuma haɗe jiki da firam suka zama abu ɗaya, kamar yadda aka gani a Citroën Traction Avant ta 1934. Wannan sauyin ya ɗora wa masu gyara nauyi babba, domin a irin wannan mota tsatsa a ƙasan ƙofa ko a daɓen mota tana cin ƙashin da ke riƙe da motar ne gaba ɗaya.

Motocin tsere da na alfarma sun ci gaba da bin hanyar hannu. A Italiya maƙera suna buga alminiyam da gudumar katako a kan kututture ko jakar yashi har ya ɗauki siffa. Kamfanin Touring na Milan ya yi suna tun daga shekarun 1930 da tsarin Superleggera, inda ake lulluɓe siraran bututun ƙarfe da fallen alminiyam. A Ingila kuwa an fi dogara da wata na'ura mai ƙafafun ƙarfe biyu, ɗaya bisa ɗaya, inda ake tura falle gaba da baya a tsakaninsu har ya miƙe ya yi doro. Motocin da aka yi ta wannan hanya ba a samun biyu da suka zo daidai, kuma sau da yawa ɓangaren hagu yakan bambanta da na dama da 'yan milimitoci.

Ko a masana'antar da ake matse ƙarfe da inji, akwai wuraren haɗi da walda ke bari da gurbi, kamar inda rufin mota ya sadu da ginshiƙinsa. Dalma ake cike su da ita. Ma'aikaci yakan goge wurin ya shafa masa kuza, ya ɗumama sandar haɗin dalma da kuza, galibi kashi 70 da kashi 30, har ta yi laushi kamar man shanu, sa'an nan ya baje ta da ɗan ludayin katako da aka shafa wa kitse, ya bi da magagari. Aikin yana son ido da saurin hannu: zafi ya yi yawa dalmar ta zube ƙasa, fallen ya murɗe, ya yi kaɗan ta ƙi kamawa. Dalma tana lanƙwasawa tare da ƙarfe, ba ta shan ruwa, shi ya sa akan kankare motar da ta shekara saba'in a tarar da ita lafiya. Aibinta guba ce. Ƙurarta tana taruwa a jini ta lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, illar da 'yan Najeriya suka ga muninta a ƙauyukan Zamfara a 2010. Don haka ƙa'idar masu sana'ar ita ce a ci dalma da magagari, kada a sa mata injin gurza.

Zuwan filla

A 1955 wani mai gyaran mota a Miami, Robert Spink, ya fito da haɗin da aka sayar da sunan Bondo. Ƙaron roba ne da garin hoda, ana ɗiga masa ɗan sinadarin da ke sa shi daskarewa, cikin mintuna kaɗan ya yi tauri a gurza shi. Ba ya bukatar wuta, ba ya bukatar shekarun koyo. Shi ne abin da masu gyaran jikin mota a Najeriya ke kira filla.

Filla a kan kansa ba abin zargi ba ne. Manyan garejojin duniya suna amfani da shi, amma siriri, milimita biyu ko uku, don share 'yan ƙananan sawun guduma bayan an gama gyara ƙarfen. Matsalar ita ce ya sauƙaƙa ɓoye ɓarna. Inda gwani zai yi kwana biyu yana fito da lotsawa da guduma da ƙaramar maƙerar hannu, mai gaggawa yakan cike ramin cikin rabin sa'a. Inda ya kamata a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a yi walda, sai a cusa raga ko kwali ko tsohuwar jarida a bayan ramin a yaɓe. Hodar da ke cikin filla tana shan danshi, don haka ƙarfen da ke bayansa yana ci gaba da ruɓewa a ɓoye. Tsatsa kuma kumbura take yi, ta fi ƙarfen da ta cinye girma, har wata rana fentin ya yi ƙuraje ya fashe. Motocin shekarun 1950 zuwa 1970 su suka fi shan wannan wahala, domin an ƙera su kafin rigakafin tsatsa ya inganta. Sai a farkon shekarun 1960 Ford ya fara tsoma jikin mota a kwamin fentin share fage da lantarki ke liƙawa a kowane lungu, kuma sai a tsakiyar shekarun 1970 Porsche ya fara yin jikin 911 da ƙarfen da aka lulluɓe da sinadarin zinki. Ga kuma gishirin da ake watsawa a titunan Turai da Amurka lokacin ƙanƙara, wanda ke cin ƙasan mota.

Shi ya sa mai sayen tsohuwar mota yakan tafi da mayen ƙarfe a aljihu: inda ya ƙi kamawa, akwai filla. Ƙwararru suna da na'urar auna kaurin fenti. Fentin masana'anta na zamani bai cika wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, saboda haka idan na'urar ta nuna milimita guda ko fiye, an san akwai labari a ƙasa.

Yadda gwani ke aikin a yau

Gyara na tsakani da Allah yana farawa da rubutu da hoto kafin a taɓa komai. Ana ɗaukar hoton kowane lungu, a auna tazarar ƙofofi, a adana lambobi da alamun alli da ma'aikatan masana'anta suka bari. Akan gurza ɗan wuri kaɗan a gangare don a ga hawa-hawan fentin kamar zoben itace, a san kala nawa motar ta sa a rayuwarta. Kalar asali takan ɓuya inda rana ba ta kai ba: ƙarƙashin robar gilashi, bayan allon ƙofa, cikin but.

Sai kankara, kuma a nan ake yawan yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Fesa yashi da ƙarfin iska yana cire tsatsa da sauri, amma yana miƙar da siririn falle ya bar shi da igiyoyi, alminiyam kuwa yana iya lalata shi ɗungurungum, ban da cutar huhu da ƙurar yashin ke jawowa. Don haka akan yi amfani da abubuwa masu laushi, kamar garin soda ko niƙaƙƙen ɓawon gyaɗar Turawa ko ƙwayoyin roba. Wasu sukan tsoma jikin gaba ɗaya a kwamin sinadari, wanda ke shiga ko'ina, amma idan bai fita daga maɗinkan ƙarfe ba, bayan shekaru yakan tsattsafo ya ɓata sabon fenti. Ƙarfe tsirara kuma ba ya jira: a wuri mai danshi yana fara ja cikin sa'o'i, ko sawun yatsa yana isa ya haifar da tsatsa. Nan da nan ake wanke shi a rufe shi da fentin share fage na ifoksi, wanda ke hana iska da ruwa isa gare shi.

Wurin da ya ruɓe yanke shi ake yi har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a ƙera faci mai kauri ɗaya da na asali, a haɗa su baki da baki. Ɗora faci a kan tsohon ƙarfe ya fi sauƙi, amma yana barin aljihun da ruwa ke kwanciya. Waldar ɗigo-ɗigo ake yi, nan da can, ana barin wuri ya huce, domin zafi yana janye ƙarfe ya murɗe shi, kuma akan bi kowane ɗigo da guduma don a saki janyewar. Kafin a yanke wani babban sashe, sai an tokare jikin da sandunan ƙarfe daga ciki, in ba haka ba motar ta sunkuya, ƙofofi su daina rufuwa.

Daga nan sai aikin da ya fi kowanne cin rai. Ana fesa fentin share fage mai kauri, a yayyafa masa baƙar hoda sama-sama, a gurza da samfefar da aka naɗe a dogon katako, ana bi a karkace, hagu da dama. Inda baƙin ya rage, akwai kwari. Inda ƙarfe ya leƙo, akwai tudu. A gyara, a sake fesawa, a sake gurzawa, daga samfefa mai kaushi lamba 80 zuwa 180, zuwa 320, har 600. Fenti ba ya rufe aibi, tona shi yake yi, musamman baƙi. Akwai kuma batun jituwa: idan aka fesa fenti mai zafin tina a kan tsohon fentin mai, na ƙasan yakan tashi ya yamutse. Kowane hawa sai ya dace da wanda ke ƙarƙashinsa.

A ƙarshe sai zaɓen fentin kansa. Na zamani mai haɗi biyu, wanda ake bi da ruwan sheƙi a sama, ya fi ƙarko nesa ba kusa ba, amma kamanninsa na wannan zamanin ne, kuma sinadarin da ke daskarar da shi yana jawo asma ga wanda ya fesa ba tare da cikakkiyar kariya ba. Na naitiroselulos kuwa shi ne na gaskiya ga motar 1930, sai dai yana tsattsagewa, kuma dokokin kare iska sun taƙaita shi. Dokar Tarayyar Turai ta 2004 da ta rage tina a fentin motoci ta bar wa ƙasashe damar ba da izini na musamman domin motocin da aka tabbatar suna da darajar tarihi.

Gyara ko shafe tarihi

A shekarun farko na gasar Pebble Beach sababbin motoci ne ke lashewa. A 1955 direban tsere Phil Hill ya ci da wata Pierce-Arrow ƙirar 1931 da ya gyara tare da ɗan'uwansa, daga nan gasar ta koma ta tsofaffin motoci. Da yake alƙalai suna rage maki a kan kowane ɗan tabo, kuma kuɗi ya shigo harkar sosai a shekarun 1980, sai garejoji suka shiga tseren kamala. Aka riƙa daidaita hagu da dama a motocin da maƙeransu ba su daidaita ba, ana goge sawun guduma daga bayan falle, ana sa sheƙi a ƙasan mota inda masana'anta ta yi shafe-shafe kawai. An zubar da kujerun fata na asali da fentin asali masu yawa a wannan zamani. Abin da aka samu motoci ne da suka fi ranar haihuwarsu kyau, amma ba su da sauran abin da za su gaya wa mai bincike game da hannun da ya ƙera su.

Martanin ya zo daga masu kallon mota kamar yadda ake kallon tsohon gini ko tsohon littafi. Fred Simeone, likitan ƙwaƙwalwa a Philadelphia wanda ya tara motocin tsere, ya yi ta jayayya cewa mai irin wannan mota amana aka ba shi, kuma farkon aikinsa shi ne kada ya cutar da ita. Pebble Beach ta buɗe rukuni na motocin da ba a sabunta ba a farkon ƙarnin nan. Ƙungiyar FIVA, wadda ta haɗa ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci na duniya tun 1966, ta amince da Yarjejeniyar Turin a 2012, ta fara aiki a watan Janairun 2013. An gina ta a kan tsarin Yarjejeniyar Venice ta 1964 da ta shafi gine-ginen tarihi. Manufarta ita ce a fifita adanawa a kan sabuntawa, a mutunta sauye-sauyen da mota ta samu a zamanin aikinta, a yi amfani da kaya da dabarun zamaninta inda zai yiwu, a kuma rubuta duk abin da aka canza.

Kasuwa ma ta bi. A 2009 aka tsamo wata Bugatti Brescia ƙirar 1925 daga tafkin Maggiore, bayan ta shekara fiye da saba'in a ƙarƙashin ruwa. Ɓangaren da ya nutse cikin laka, inda iska ba ta kai ba, ya tsira. Wanda ke cikin ruwa tsatsa ta cinye. An sayar da ita a Paris a 2010 a kan kimanin Yuro 260,000, kuma attajirin da ya saye ta, Peter Mullin, ya ajiye ta a gidan tarihinsa yadda take. A 2015 wata Ferrari 250 GT California da aka tarar ƙarƙashin tarin mujallu, cikin motocin da iyalan Baillon suka bari a yammacin Faransa, ta kai kimanin Yuro miliyan 16 da ƙurarta.

Bugattin da ta lashe gasar 2024 ta fito ne daga wannan tunani. Motar tseren kamfanin ce, René Dreyfus ya ci gasar Beljiyam da ita a 1934, Jean-Pierre Wimille ya yi nasarori da ita a 1937 bayan an sauya mata siffa, sa'an nan a 1938 aka sayar wa Sarki Leopold na Uku na Beljiyam, aka mayar da ita baƙa mai ratsin rawaya. Da za a "mayar da ita asali", wace shekara za a zaɓa, 1934 ko 1937 ko 1938? Duk wadda aka zaɓa, an shafe sauran biyun. A haka aka sayar da ita a Ingila a 2020 a kan fam miliyan 9.5, kafin mai ita, Fritz Burkard na Siwizalan, ya kai ta Kalifoniya.

Wannan ba ya nufin a bar kowace mota ta ruɓe. Tsufa daban, cuta daban. Tsatsar da ke cin ƙashin mota ba za ta tsaya don an kira ta tarihi ba, kuma motar da aka riga aka yi wa fenti sau huɗu aka cika da filla ba ta da wani asali da za a kare a samanta; gyara daga tushe shi ne ceton ta. Akwai kuma sabon ha'inci: da tsufa ya yi daraja, wasu sun koyi ƙirƙirar sa da samfefa da sinadari. Ma'aunin dai ɗaya ne a kowane hali, wato ko abin da ido ke gani ya yi daidai da abin da ke ƙasa, kuma ko an rubuta gaskiyar abin da aka yi.

Daga Onikan zuwa Kaduna

Najeriya tana da misalin da ya fi kowanne bayyana wannan batu. A Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas akwai baƙar Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da ramukan harsasai a jikinta. Kowane mai gyaran jikin mota zai iya toshe ramukan nan cikin yini guda, ya fesa baƙi mai sheƙi. Babu mai hankalin da zai yarda, domin ramukan su ne dalilin ajiye motar. Abin da take bukata shi ne inuwa, da kariya daga danshin Legas, da hana tsatsa yaɗuwa daga bakin ramukan.

A ma'aunin FIVA, abin hawa yakan shiga sahun na tarihi idan ya kai shekara 30 kuma aka adana shi a kamanninsa na ainihi. Ke nan yawancin Peugeot 504 da aka haɗa a Kaduna tun daga 1975, da ƙwaryar Volkswagen da aka haɗa a Legas, da tsofaffin motocin fadoji da na gidajen gwamnati, sun riga sun cancanta. Busasshiyar iskar Arewa tana tausaya wa ƙarfe fiye da gishirin Turai, ko da yake rana tana ƙona fenti. Akwai irin waɗannan motoci a bayan gidaje, an ɗora su a kan duwatsu, wasu da fentinsu na masana'anta da tambarinsu da takardunsu. Magadan da suka tashi raya su sukan fara da kiran mai fenti, alhali a ƙa'idar sana'ar shi ne na ƙarshe da ake kira. Kafin shi akwai hoto, da awo, da wanki da sabulu mai laushi, da duba ƙasan mota da fitila. Za a iya sake fesa wa mota fenti sau goma, amma wanda aka fesa mata a Kaduna a 1978, idan samfefa ta bi ta kansa, ya tafi ke nan.